Kunnen Baba Ishaku

Duk ajin allo suke kallo, shi kuwa Baba Ishaku bakin malami yake kallo. Na lura tun makon farko, don kujerata na kusa da tasa a wata cibiyar kwamfuta a Tirkaniya, inda muke kwas ɗin masu fara koyon rubuta manhaja. Da Malam Derrick ya juya baya, sai hannun Baba ya tsaya cak.

Mutumin Filato ne. Ya zo Kaduna yana saurayi, ya shiga masaƙa a Kakuri, ƙuruciyarsa ta ƙare a tsakanin injina. Ya ce a ɗakin saƙa ba a jin magana saboda ƙarar injina, leɓe ake karantawa. Mutum zai zage ka daga ƙarshen layi, ka gani, ka rama. Da aka rufe masaƙar, ya fito da wannan gwaninta da kunnuwan da suka kusa mutuwa.

Ya yi dako, ya yi gadi, daga baya ya samu kula da ɗakin kwamfuta a wata makarantar kuɗi a Narayi: shara, goge ƙura, tayar da janareta. Bana sabuwar shugaba ta ce sai mai satifiket, wanda zai iya nuna wa yara darasin farko, zai riƙe ɗakin. Abin da ya kawo shi cikinmu ke nan.

"Kada ki faɗa wa kowa maganar kunnena, ɗiyata," ya ce da ni. "In maganar ta kai Narayi, ko gadi ba za su ba ni ba."

Kansa na ja. Ranar da aka koya mana sa kwamfuta ta maimaita umarni, ya riga ni gamawa.

"Ai saƙa ce!" ya faɗa da ƙarfi, yadda yake duk maganarsa. "Ka tsara sau ɗaya, inji ya yi ta yi."

"Baba, rage murya, ba wa'azi kake ba!" in ji Nafisa, 'yar ajinmu, daga baya.

Na maimaita masa da leɓe. Ya yi dariya. "Ce mata ta ji da nata, jan rubutun kuskure ya cika mata allo."

Haka muka riƙa yi. Malam ya juya, ni in motsa baki.

Ranar jarrabawa aka raba kujeru, aka kai ni jikin taga. Derrick ya ce tambayar a murya aka ɗauke ta, don kada a leƙa ta wani, kowa ya sa abin sauraro a kunne. Baba ya sa nasa. Na ɗaga hannu zan yi magana, ya dube ni, ya girgiza kai. Na sauke.

Bai zauna haka ba. Ya rubuta aikin makon jiya daga ka, layi bayan layi.

Derrick ya tsaya a bayansa ya gwada. "Baba, yana aiki fa. Amma ba shi aka tambaya ba. Babu yadda zan yi in ba ka satifiket."

Baba bai waiwaya ba, don bai san ana magana ba. Ni ya hango, ya karanta a fuskata.

Ya cire abin kunnen, ya naɗe wayarsa a hankali. Ya kashe kwamfutar, ya ciro hankici ya goge madannan ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tura kujerar ciki.