Hansai Mai Tsokanar Majinyata

Da hantsi Hansai take fitowa daga unguwar Sabangali, bokiti a hannu, ta nufi ɗakin ƙarshe na asibiti, inda ake kwantar da waɗanda likita ya gama nasa. Ta yi musu wanka, ta juya su, ta ba su kunu. Tun shekarun casa'in take wannan aiki, sai bana ta ajiye. Amma Hansai baki ne da ita, wallahi! Duk wanda aka kawo sai ta tambayi asalinsa, ta lalubo wasan da ke tsakaninsu.

Wasila ba ta manta abin da aka yi da mahaifinta ba, Alhaji Siradji, ɗan kasuwa daga Damagaram. Da ya gane ba tashi zai yi ba, sai ya juya wa mutane baya, ya ɗinke bakinsa. Dangi suna shigowa da raɗa da jajayen idanu, kamar an riga an yi masa sutura. Tsoron Wasila ɗaya ne: kada ya tafi bai ce mata uffan ba.

Ita kuwa Hansai jikar Kanawa ce, abokan wasan Damagarawa. Ta dire bokiti.

"Iye! Ashe bawana aka kawo mini. Badamagare, ka samu gado ka miƙe ƙafa? Tashi ka gai da uwar ɗakinka!"

Ƙanin Alhaji har ya zabura zai kore ta, sai aka ga kafaɗun tsohon suna rawa. Dariya yake yi!

"Bakanuwa," in ji shi da dusasshiyar murya, "yaushe kuka daina gudu in kun ji tamburanmu?"

"Au, ashe da baki! To ga 'yarka nan, ku yi da ita. Ni aiki gare ni."

Ya yi dariya har da tari da hawaye, ya kamo hannun Wasila. Ranar sun sha hira, ya sa mata albarka. Washegari ya cika da kalmar shahada a bakinsa.

Hansai, ke ce kika ƙi yarda a binne mutum da ransa. Mun gode, Allah ya saka miki da alheri. Ku kuma masu zuwa dubiya, ku share hawaye tun daga ƙofa. Mutumin nan bai tafi ba tukuna, ku shiga ku tsokane shi.