Gayyar da Na Kira Ranar Lahadi a Jamus

Ko tsufa ya cinye mini tunani, gayyar da na kira a ƙasar Jamus ba za ta fita raina ba. Ni ɗan Birnin Tsaba ne, a bakin kunyar gona na tashi, neman abinci ya kai ni can ina ɗaukar kaya a wani babban sito. Matata da ɗiyata kuwa suna Ƙaura a raɓe gidan yayanta, tun da zaman ƙauye ya gagara.

Da aka ba su izinin zuwa sai na kama wani tsohon gida a hawa na uku. Mai gidan ya sassauta mini haya bisa sharaɗin ni zan gyara. Kai, gida ne ko kufai? Bangon ɗakin kwana ya yi baƙi ƙirin da danshi, yana warin ruma. Ga ɗiyata da ciwon asma, turaren wuta ma tayar mata da tari yake. In ban kankare bangon nan ba kafin su sauka, ba inda zan kwantar da ita.

Aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, sai na yi abin da na taso na ga ana yi: na kira gayya. Na gayyaci wani direba ɗan Shinkafi da wasu 'yan Maraɗi biyu, na sa ranar Lahadi tunda ita ce kowa ke hutu. Na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miyar kuka. Gayya kuma ba ta yin armashi ba kiɗi, don haka na kunna gangar noma a waya na haɗa da lasifika. Muka hau bango da guduma da makankari, muna yi muna kirari kamar muna gonar sarkin noma.

Ba mu yi nisa ba aka buga ƙofa. Tsohuwar da ke zaune a ƙasanmu ce, wadda na sha gaisarwa a matakala tana amsawa da ka kawai. Fuskarta ta yi ja, tana faɗa tana nuna rufi. Da ɗan Jamusancina na tsinci zancen: ashe a garin nan haramun ne a yi hayaniya ranar Lahadi, kuma ta ce in ba mu daina ba 'yan sanda za ta kira.

Ɗan Shinkafi ya ajiye guduma a hankali ya ce, "Kashe kiɗin ga, wagga tsohuwa ɗaure mu za ta yi."

Nan take na kashe kiɗin. Abokan nan ba su da wata ranar hutu, ni kuma baƙo, takarduna ba su yi ƙwari ba. Tsohuwar tana shirin juyawa sai ta hangi 'yar katifa sabuwa jingine a lungu, ta tambaya ta wa ce. Na gaya mata ta ɗiyata ce, na dafa ƙirji na kwaikwayi tarinta. Ta shiga ɗakin, ta shafa bango, ta shinshina hannunta. Na zaci ta sauko, sai ta ce duk da haka yau ba aiki, ta fice abinta.

Haushi ya cika ni, har na ce a raina mutanen nan ba su da imani. Muka zauna muka ci tuwo. Ya ragu da yawa, a gida kuma ba a cin abincin gayya a bar maƙwabci, sai na zuba a kwano na ajiye mata a bakin ƙofa, ban ko ƙwanƙwasa ba.

Washegari na roƙi hutu a wurin aiki, na fara kankara ni kaɗai. Da hantsi aka sake buga ƙofa, na ce shi ke nan, yau kuma me na yi? Ina buɗewa na ga tsohuwar da kwanona a wanke, bayanta tsofaffi maza uku na benen, duk sun yi ritaya, kowa da kayan aikinsa da tsani. Ta miƙo mini kwanon ta ce, "Yau Litinin. Yi hayaniyarka."

Tsofaffin nan ba kiɗi ba kirari, sai aiki da shan gahawa. Ɗaya har ya ɗanɗana miyar kuka, ya yamutsa fuska, ya ƙara loma don kara. Muka kankare bango, muka shafa maganin ruma, ya bushe, muka yi fenti. Kafin mako ya zagayo ɗaki ya zama ɗaki.

Safiyar farko bayan saukar iyalina, matata ta fito daga ɗakin idonta da hawaye. Na tsorata na ce jikin yarinyar ne? Ta ce a'a, rabon da ta ga ɗiyar nan ta kwana ba tari ko ɗaya har ta manta. Na zauna a ƙasa na yi ta hamdala.

Tun daga nan na daina saurin yanke wa mutane hukunci. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Kowane gari akwai masu kama maka aiki, sai dai ka fara tambayar ranar da suke fita gayya.