Mun Kai wa Tsohuwa Bugun Zuciyar 'Yarta a Malkohi

Sallar asuba kawai muka idar muka kama hanya daga Kano, ni da yayata da direba, ko shayi ban kurɓa ba. Masu cigiyata a nan, Yola na je, kuma ba biki ne ya kai ni ba.

Bari in fara gaya muku wace ce yayar tawa. Farfesa ce a wata jami'a a Turai, aikinta binciken ƙwayoyin halittar zuciya. Ni ɗinki na sani, amma yarana sun sha nuna min sunanta a waya, wai masana a ƙasashe da dama da rubuce-rubucenta suke kafa hujja. Mu dai a gida da rashin iya tuƙa tuwo muka san ta.

A shekarun da tashin hankali ya koro mutane daga Gwoza da Madagali zuwa Yola, ta zo aikin sa-kai a wani asibiti. Can ta tarar da masu jego da zuciyarsu ke kumbura bayan haihuwa. Wata yarinya mai suna Asta ta yarda aka ɗebi jininta, ba a jima ba ta rasu, ita da jaririn, aka binne su babu dangi ko ɗaya a kusa. Jinin nan Yaya ta tafi da shi, ta yi dabarunsu na masana, ƙwayoyinsa suka koma ƙwayoyin zuciya. Har yau suna raye, suna hayayyafa, an rarraba su a ɗakunan bincike, da su ake gwada magani. Duk sunan da Yaya ta yi, a kan Asta ta yi shi.

To bana sai wata nas da suka yi aiki tare ta bugo mata waya, ta ce ta gano mahaifiyar Asta a Malkohi, wani ƙauye kusa da Yola da 'yan gudun hijira suka zauna. Yaya ta rantse za ta je ta faɗa mata komai, kuma in tsohuwa ta ce a binne, za ta janye ƙwayoyin daga ko'ina a binne. Na ce haba Yaya, aikin rayuwarki fa! Ta ce a gidanmu ko cibiyar jariri ba a yarwa, binnewa ake yi. Ni dai gaskiya raina bai so ba.

A Bauchi muka tsaya cin masa. Tsadarta ta sa na tambayi mai suyar ko da ruwan Zamzam ta kwaɓa, ta ce in je in tambayi mai shinkafa. Yaya ko ɗaya ba ta ci ba, ni na cinye nata. Daga Gombe zuwa Numan kuwa, in ka ji mota na tafiya salin alin, to rami ne babba ke jiranka a gaba. Direbanmu ya ƙare salatinsa ya koma zagin 'yan kwangila. Shingayen sojoji sun ragu, amma buhunan yashin suna nan a gefen titi, sun fashe, ciyawa ta tsiro a cikinsu. A gadar Numan na sayi busasshen kifi, warinsa ya raka mu har Jimeta.

A unguwar Shagari Low Cost muka sauka, gidan nas ɗin. Kirista ce 'yar Numan, ta yi ritaya, mace mai fara'a da hannun kyauta. Ta shimfiɗa mana darduma da kanta, ta cika mu da tuwo da miyar kifi. Jimeta ba acaɓa, sai keke Napep kamar fara, ga zafi ko da hadari a sama. Hausarsu kuwa sai ka saurara da kyau kafin ka gane mace ake nufi ko namiji.

Da safe a mota nas ta ja mana kunne. Ta ce tsohuwar a guje suka rabu da Asta, ita ta faɗa Kamaru, sai bayan shekaru ta iso Yola ta ji labari. Ba ta ga gawa ba, ba ta ga kabari ba.

"Tsohuwan nan ba ya karɓan gaisuwa," in ji nas. "Kowa ya ce Allah ya ji ƙan Asta, sai ya kore shi. Kar ku faɗa."

Mun isa Malkohi da hantsi. Hadari ya haɗu ya tsaya cak, ba iska, ba ruwa. Mutane duk sun tafi gona. Ɗakunan laka ne da kwano, wasu har yanzu da tsohon tamfol a kai, rana ta cinye launinsa. Abin da ya fara tsorata ni shi ne shirun garin, ko daka ba na ji. A tsakar gidan tsohuwar akwai zani guda a kan igiya, irin yayin da aka daina tuntuni. Nas ta raɗa min cewa na Asta ne, duk Juma'a sai an wanke shi an shanya.

Tsohuwa 'yar siririya ce, idanunta tar. Ta ba mu tabarma da ruwan randa. Yaya, wadda ke tsayawa gaban turawa ta yi jawabi, ta durƙusa a gabanta. Ta kira ta Dada, wato uwa, ta ce ni na duba Asta a asibiti. Ta faɗi zancen jinin, ta faɗi abin da ya zama, ba ta rage komai ba. Sannan ta ciro wayarta ta kunna bidiyon da aka ɗauka ta na'urar ƙara girman abu.

Jama'a, ni ma ranar na fara gani. Wani abu ne toka-toka kamar saman koko da ya kwana, ba jini, ba ƙirji, ba mutum, amma yana bugawa. Ya tsuke, ya saki. Ya tsuke, ya saki. Can sai ya ɗan tsaya kamar ya manta, sannan ya ci gaba. Na fara karanta duk addu'ar da ta zo bakina.

Tsohuwa ba ta firgita ba. Ta zuba wa abin ido, ta fara buga yatsa a kan tabarma daidai da shi. Wayar ta yi duhu da kanta, yatsan bai daina ba. Yaya ta sake taɓa wayar, wallahi yatsa da ƙwayoyin nan suna tare, kuma da suka zo wurin tsayawar nan tare suka tsaya. Nas ta kama hannuna ta matse.

"Ita ce," in ji tsohuwa. "Haka nake jin ta a bayana in na goya ta."

Wannan 'yar tsayawar ita ce abin da Yaya ta yi shekaru tana rubutu a kai. Na dubi fuskarta, hawaye kawai ke zuba.

Tsohuwa ta tambayi inda ake kwantar da ita. Yaya ta ce a cikin sanyi mai tsanani, in za a yi aiki sai a ɗumama su, su farka. Ta tambaya ko abin na yi wa wasu amfani, Yaya ta ce ana sa ran ya ceci masu jego irin Asta, amma ba za ta yi mata alkawarin ƙarya ba. Sai tsohuwa ta tambaya da wane suna suke kiranta a can. Yaya ta sunkuyar da kai ta ce da lamba, don doka ta hana faɗin sunan mara lafiya. Daga nan ta tattaro ƙarfin halinta ta yi tambayar da ta kawo mu, a binne ko a bari.

Tsohuwa ta sake duban wayar.

"A bar ta ta yi aikinta," ta ce. "Dama Asta ba ta iya zama ba. Amma ke da kika san sunanta, in za ki tashe ta, ki yi sallama, ki kira ta. Kar a tashi 'yata kamar akuya."

Yaya ta ce ta ɗauka.

Sai tsohuwa ta miƙe, ta je ta sauke zanin nan daga igiya, ta ninke shi a hankali ta ɗora a cinya. Ta ce wa nas ta leƙa ta kira maƙwabta. Sannan ta gyara zama a kan tabarma, ta dube mu ta ce yanzu ta gani da idonta, zuciya ba ta fita ta bar mai ita da rai.

"To, ku yi min gaisuwa."

Ni na fara. Na ce Allah ya ji ƙan Asta, Allah ya ba ki haƙuri. Ta ce amin. Kafin azahar tsakar gidan ta cika da mata, wasu da fartanya a hannu, ana zaman makokin da ya makara fiye da shekara goma. Muna fitowa ruwa ya sauko.

Washegari muka juyo. Ramukan hanya suna nan inda muka bar su, amma ba wanda ya yi mita. A Bauchi Yaya ta ci masa har da ƙari.

Na dawo gida lafiya, alhamdulillahi. Abin da na koyo shi ne duk wani babban suna da ka ji ana ambata a ilimi, akwai jikin wani a ƙarƙashinsa, kuma wannan wanin yana da uwa. Na tafi ina tsoron kar tsohuwa ta rushe aikin Yaya, ban taɓa tunanin abin da ita take jira ba, kuma na ji kunyar hakan.

Yaya ta koma Turai. Jiya da hantsi ta kira ni daga ɗakin bincikenta, ta ce in tsaya a kan layi kar in yi magana. Na ji ƙarar buɗe wani murfi mai nauyi, na ji numfashinta. Sai na ji ta ce a hankali, "Salamu alaikum, Asta."

Ban san sanda na amsa ba.