Yaya Zaituna da Allurar Kasuwar Salka

Ranar Talata, 14 ga Yuni, 1994, Allah ya karɓi ran yayata, Malama Zaituna, matar Malam Mahmudu, a nan Kontagora. Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma.

Yaya, ke kika koya mini haɗa baƙi kafin a sa ni firamare. Da na samu shiga jami'a a Zariya, ke kika ɗinka mini kaftani biyu da kekenki, alhali a lokacin yatsunki sun fara dashewa, sai ɗalibanki sun zura miki zare. Ba ki taɓa barin ajinki saboda ciwo ba, sai in ƙafa ta ƙi ɗaukarki. Ranar da ta ƙi kuwa sai ki ce, "Halilu, ƙafar nan ta shiga yajin aiki, ita ma albashinta take nema." Da bazara, lokacin da zafi ke tsananta miki ciwon, kina tsoma ƙafafu a ruwan randa kina duba aikin yara.

Ciwon ya zo ya tafi shekara da shekaru. Yau ido ɗaya ya dushe, bayan wata guda ya washe, sai hannu ya ɗauka. Wannan zuwa da komowa ya sa mutane suka ce sammu ne, har aka riƙa nuna wata maƙwabciya da baki. Ke kika hana, kika ci gaba da aika mata tuwo. Wani likita a Kaduna ya ce yana zaton ciwon jijiya ne mai suna multiple sclerosis, zato ba tabbaci ba, don ba shi da na'urar da za ta nuna, kuma ba kasafai ake ganinsa a ƙasarmu ba. Na yi miki bayani da wayar lantarki: jijiya tana da riga kamar robar waya, ciwon yana cinye rigar, saƙo ya kasa wucewa. Kika ce, "To ai ni tela ce, a ba ni in yi mata faci."

Bara rediyo ya faɗi cewa an amince da wata sabuwar allura a Amurka. Na bincika a ɗakin karatu, kuma ga iyakar abin da na samu. Allurar tana rage yawan tashin ciwon, ba ta mayar da rigar da ta lalace. Mayar da rigar har yanzu gwaji ne a kan ɓeraye. Sannan dole a ajiye ta cikin sanyi.

Amma mutumin da ya tari Malam Mahmudu a kasuwar Salka cewa ya yi tasa allurar tana ɗinke rigar jijiya sarai. A kan faranti yake sayar da ita, cikin rana. Kwalaben ba sunan kamfani, ba ranar lalacewa. Ta yaya maganin da manyan asibitoci ba su gani ba ya iso Salka? Da Malam Mahmudu ya sayo, Christiana, nas ɗin unguwarmu, ta ƙi yi miki ita. Ta ce, "Malam, abin da ban san sunansa ba, ba na sa wa mutum a jiki." Sai aka samo wani ya yi. Ina wajen bautar ƙasa, da na iso na tarar wurin allurar ya kumbura, zazzaɓi ya rufe ki, ba ki kuma tashi ba.

Ban ce allurar ce ta kashe ki ba, don ba a gwada ba. Ban kuma zargi mijinki ba, mutumin da ya sha goya ki zuwa mota. A zaman makoki na fara tambaya, dattawa suka ce, "Kwana ya ƙare, yaro, ka yi haƙuri." Na yarda, na yi shiru.

Abin da ya hana ni ci gaba da shirun shi ne sadakar uku. Kamar yadda aka saba, an rabar da kayanki don ladan ya kai gare ki. Inna Iyatu, dattijuwar gidanmu, cikin kyakkyawar niyya, ta haɗa da ragowar kwalaben ta ba Bappa, mai kawo mana nono daga Bobi, saboda matarsa Fure tana kukan dashewar ƙafa. Ta ce masa, "Maganin Turai ne, kada ya lalace a banza." Da na ji na hau babur zuwa Bobi, na tarar sun tashi da shanunsu. Wasu sun ce wajen Mashegu suka nufa, wasu sun ce ba su sani ba.

Don haka nake roƙon duk wanda ya karanta wannan, in ya san inda Bappa ya sauka, ya faɗa masa kada a yi wa Fure allurar nan. Ya riƙe kwalaben, zan kai su a gwada. In ta tabbata lafiya lau suke, zan nemi gafarar mai farantin a bainar jama'a.

Allah ya jiƙanki, Yaya, ya sa jinyar da kika sha ta zama kaffara, ya haskaka makwancinki. Ya ba Malam Mahmudu da 'yarku Ruka da Inna Iyatu da ɗalibanki haƙurin rashi. Ya kuma sa saƙon nan ya riga allurar isa ga Fure, don kada a yi da sunanki abin da ba za ki taɓa yi da hannunki ba. Amin.

Ƙaninki, Halilu.