Kaset zuwa ga Mai Goge

Shekara shida na yi a Faransa ina ce wa mutane babana manomi ne. Ba ƙarya ce zalla ba, yana da gona, yakan kuma sami gero daidai gwargwado. Sai dai ba da gona aka san shi ba. A ƙauyenmu, da ke bakin titi gabas da Maraɗi, kana cewa mai goge za a nuna maka ƙofar gidanmu.

Rabuwarmu ba daɗi. Wani biki muka je, yana goge ina kaɗa masa ƙwarya. Wani mai kuɗi, maimakon ya liƙa masa a goshi yadda aka saba, sai ya watsa sulalla a ƙasa. Baba ya duƙa yana tsinta, mutane na dariya. Da muka koma gida ya ɗauko wani sabon goge da ya haɗa mini da hannunsa, fatar guza da izgar doki, ya miƙo mini. Ni kuwa da ma zuciya gare ni, har yau ban gama rabuwa da ita ba. Na ce masa ni ba zan tsufa ina tsince-tsince a ƙasa kamar kaza ba. Haka na faɗa, da wannan bakin nawa. Ya rataye gogen a bango. Bayan wata biyu na bar gari, kuma tun daga nan saƙona sai dai ya je wurin inna ko yayata.

A Paris wani Alhaji ɗan Damagaram ya riƙe ni. Yana da kanti a unguwar Belleville, shadda da turare da takalma, mutum ne mai kirki amma ba ya wasa da zancen asali. Na sha jin yadda yake faɗin kalmar maroƙa, kamar mai tofar da ƙashin kifi. Da ya yarda da ni sai ya tura ni Lyon in riƙa cin kasuwanni da kayansa. Na kama ɗaki a Vaulx-en-Velin, a gefen Lyon, hawa na tara, duk mako biyu in hau jirgin ƙasa in je Paris in ɗebo kaya.

Ran Lahadi ce matsalata. Kasuwa ta tashi da azahar, ɗaki ya ishe ni, in zauna in tashi, in dafa shayi in manta da shi. Sai in hau bas in shiga gari in yi ta yawo ba inda za ni. A irin wannan yawon ruwa ya tare ni wata la'asar, na raɓe a wata ƙofa mai koren fenti. Daga ciki na ji goge. Na san mashaya ce, warin giya ya riga ya gaya mini, amma ƙafata ta shiga kafin in yi shawara da ita.

Wurin na mutanen Ireland ne, 'yan unguwa ke cika shi, har da mata da tsofaffi da wani kare a ƙarƙashin kujera. Ana ta kai kwanukan farfesun rago da dankali, da kofunan wata baƙar giya mai farin kumfa a kai. A lungu mutum huɗu sun kewaye tebur. Ɗaya na busa sarewar ƙarfe, ɗaya na kaɗa ganga mai fuska ɗaya kamar rariya, wata mace na riƙe da nata gogen, sai wani tsoho mai jan fuska da ya maƙale gogensa a ƙarƙashin haɓa. Nasu tsarkiya huɗu gare shi, namu ɗaya, amma yadda tsohon ke lumshe ido in zai juya kiɗa, babana sak.

Abin da na yi daga nan, har yau in na tuna sai in ji kunya. Kiɗa ya ratsa ni, na zaro takardar kuɗi, na ratsa mutane, na liƙa wa tsohon a goshi. Kiɗa ya tsaya cak. Takardar ta zame ta faɗa cikin kofinsa. Kowa ya juyo yana kallona kamar na mari wani.

Matar da ke da wurin, wata doguwa mai furfura, ta ja ni gefe. Da Faransancinta mai karkata ta tambaye ni ko lafiya. Na ce a wurinmu haka ake girmama makaɗi. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta ce, "Nan ba a biyansu. Wancan tsohon likitan haƙori ne, macen mai goge malamar makaranta ce, mai gangar magini. Don jin daɗinsu suke yi. In kiɗa ya yi maka, ka saya masa abin sha, ko ka zauna ka saurara."

Likita, da goge, kuma an kawo masa abinci har tebur ana ce masa sannu. Na zauna. Ta kawo mini soyayyen kifi da dankali da baƙin burodi da man shanu, da shayi mai madara, don na gaya mata ba na shan giya kuma ban san yankan ragonsu ba. Tsohon ya tsamo takardar, ya shanya ta a kan tebur, ya maido mini da ita yana murmushi.

Daga ranar ban ƙara fashin Lahadi ba. In zo, in leƙa hagu da dama kada wani ɗan kasuwa ya gan ni, in shige. Amma hankalina bai kwanta ba, sai ma abin ya ƙaru. Duk sanda aka tafa wa tsohon, babana nake gani a duƙe. Wata rana na gaya wa tsohon gaskiya, cewa babana mai goge ne, shi ne mutum na farko da na gaya wa a ƙasar nan. Ya yi ta tambaya: da me ake yin tsarkiyar, ina ake dafawa, da wane ƙaro ake goga izga. Na ga ashe ban manta kome ba.

Ana haka wasiƙar yayata ta iso. Baba ba lafiya, ƙafafu sun kumbura, ba ya fita. Ta rufe da cewa in ina da magana da shi, kada in yi nawa.

Ba ni da halin tafiya, takarduna na wurin sabuntawa. Rubutu kuwa baba ba ya karatu, kuma me zan rubuta? Ran Lahadi na ɗauki rikodata na ajiye a tsakiyar teburin makaɗan, suka cika mini fuska ɗaya ta kaset. A ɗaya fuskar na yi magana. Sau biyar ina gogewa ina sakewa. A ƙarshe na ce, "Baba, ni ne. Ka ji masu goge na nan ƙasar. A kujera suke zama. Abin da na faɗa maka, ka yafe mini."

Saura aikawa. Ta gidan waya zai iya yin wata guda a hanya. Alhaji kuwa ran Talata zai tashi zuwa Yamai, daga can ya bi mota zuwa Damagaram, ta ƙofar gidanmu zai wuce. A cikin jirgin Paris na kasa zama, na yi ta safa da marwa tsakanin taragu, ina shirya ƙaryar da zan yi: wani maƙwabci ne, wani tsoho ne da nake taimako. Na iske kantin Belleville cike da masu kawo saƙo. Aka gaisa, aka tambayi Lyon da sanyi da kasuwa. Na miƙa kaset, na faɗi sunan ƙauye.

"Wa zan ce a ba?" in ji Alhaji.

"Mai goge. Kowa ya san shi."

Ya ɗago kai. "Me ya haɗa ka da mai goge?"

Ƙaryar tana bakina a shirye, amma na ji in na faɗe ta, abin da ke cikin kaset ɗin ma ya zama ƙarya. Na ce, "Mahaifina ne, Alhaji."

Wani a bayana ya yi 'yar dariya ta hanci. Alhaji ya sa kaset a aljihun gaban rigarsa, ba cikin jaka ba, ya ce, "Shekara shida kana cin abinci da ni. Allah ya shirye ka." Ban san ko don gogen ya faɗa ko don ɓoyewar ba, ban kuma tambaya ba.

Mako bakwai na yi ina jira, abinci ma ba ya shiga. Da Alhaji ya dawo ya kira ni ta waya, gaisuwa a gajarce, ya ce in zo. Ya ce da kansa ya shiga gidan, ya iske tsoho a kwance, amma da aka kunna kaset sai ya ce a tayar da shi zaune. Ya miƙo mini wani kaset a ƙulle cikin tsumma. Sannan ya ce a hanyarsa ta dawowa ya sake tsayawa, ya iske an yi sadakar bakwai.

Ban iya saurara ni kaɗai ba. Ran Lahadi na kai shi mashayar, na roƙi matar da ke da wurin ta sa a yi shiru, aka kunna. Tari ya fara fitowa, sannan goge. Kiɗan tsohon likita ne, wanda ya fi so, babana ya ɗauke shi da kunne ya zuba shi a tsarkiya ɗaya, a hankali. Da ya ƙare sai muryarsa ta ce, "Ka gaya wa abokin sana'ata yana sauri a wurin juyi. Wannan da ka ji, naka ne na sauko da shi daga bango. Yana nan."

Na fassara musu rabin farko, sauran na bar wa kaina. Tsohon likita ya miƙe, ya laluba aljihu, ya zaro takardar kuɗi. Ya tako har gabana ya liƙa mini a goshi, ya riƙe ta da yatsa don kada ta faɗi.

"Ta babanka ce," ya ce.