Ƙafar Rumfar Baba Yohanna

Ku da kuka san Baba Yohanna mai walda na Makarfi, kun san ba ya gaida mutum sai ya gaida motarsa. Kana tsaye da sallama a baki, shi kuwa ya zagaya baya, ya durƙusa, ya tara tafin hannu a bakin salansa. "Sannu, baiwar Allah. Wa ya yi miki haka?" Sai ya gama jin ta bakinta zai ɗago ya ce maka, "Kai kuma ina gajiya?" Na yi tuƙi a Garwa da Injamena har Fot Sudan, na ji ana zagin mota da Fillanci da Faransanci da Larabci, amma mai yi mata sannu, shi kaɗai na gani.

Ga maƙo! Guntun ƙarfe ba ya fita garejinsa. Na taɓa ɗaukar wata lanƙwasasshiyar ƙusa na cire tsakuwa daga taya, na jefar. Wallahi har cikin kwata tsohon nan ya bi ta. Ya goge ta a riga ya ce, "Sale, ban san ubanka ya buɗe kamfanin ƙusa ba."

To, shekarar da soja suka ce a tsuke bakin aljihu, ina direban wata tsohuwar jif mai shan gas a wani ofis a Ikara, ina kai malaman gona Janfalan da Kurmin Kogi. Sai aka ce kwamiti zai zo ran Litinin duba motoci. Wadda ta kasa, gwanjo. Direbanta, gida. Ni kuwa 'ya'yana shida.

Salansar ta huje tana ruri. Don in burge kwamiti, na kai ta wurin wani mai walda a Kudan. Kayan gyara sun ɓace a kasuwa, sai ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya jona mata siririn bututun ruwa. Ta yi tsit, abin sha'awa. Amma da na ɗaga ƙafa daga totur sai ta yi karkarwa ta mutu. Makanikai uku a Ikara suka ce famfon gas ne, sai Kaduna, sai mako biyu.

Ran Asabar na lallaɓa Makarfi.

"Baba, famfo ne. Ka ɗan ƙara mata silo kawai, ta daina mutuwa in na saki totur."

"Kai ne mai gyaran? To ga sufana."

Ya tara hannu a baya, ya ɓata rai. "Wannan numfashin kaza ne! Wane marar imani ya shaƙe ta?" Ya leƙa ƙasa, ya fito yana tafa hannu. "Bututun ruwa! Har da narkakken ƙarfe a ciki. Sale, in ka taka, ƙarfi ke tura hayaƙin dole. In ka saki, ya rasa hanya, ya koma mata ciki. Toshe hancinka ka zauna mu gani."

"Baba, na gane."

"Toshe na ce!"

Haka na tsaya riƙe da hanci, masu rake suna wucewa suna dariya.

Ya birkice tulin ƙarafansa kaf, babu bututu mai faɗin da yake so. Gobe Lahadi, ko gwamna ne ba zai hana shi coci ba. Jibi kwamiti. Can sai idonsa ya faɗa kan ƙarfen da ke tokare da rumfarsa. Ya auna shi da yatsu.

"Zo ka tallabe kwanon nan da kanka."

"Baba, rumfarka fa!"

"Rumfa tana da 'ya'ya shida?"

Mutumin da ya shiga kwata saboda ƙusa, shi ya yanke ƙafar rumfarsa ina tsaye ina riƙe da ita, ya jona wa salansar motata. Famfon gas kuwa ko taɓa shi bai yi ba.

Ran Litinin wani manjo ya ce, "Tayar, ka fito." Na tayar, na fito, ya bar ta ya tafi duba wasu. Tana nan dum-dum-dum, ni ina nan ina salati a zuci. Da ya dawo ya tarar ba ta mutu ba, ya ce, "Na gaba!" Jama'a, ban taɓa jin kalma mai daɗin wannan ba a kowane yare.

Daga baya na samo masa sabon bututu daga Zariya. Ya karɓa, ya yaba, ya jingine shi a lungu. Rumfa dai tana tokare da reshen darbejiya.

"Baba, ba za ka sa ba?"

"Ta saba. Wannan kuma na wani mai iyali ne, zai zo."

A karkace ya bar ta har ya koma ga Mahalicci. Yaran nan shida duk sun girma, kuma da albashin nan suka ci suka yi karatu. Allah ya jiƙan Baba Yohanna, ya ba shi inuwa mai sanyi, ya tallabi nasa 'ya'yan yadda ya tallabi nawa. Amin.