Mama Sabina, Bakin Masu Cikin Fari

Kafin motocin Sharja su toshe titin Al Nahda a nan Dubai, Mama Sabina Kure ta riga ta sauko daga bene. Tana tsayawa a tashar bas da ledar takalmin aiki da kwanon abincinta, a tsakiyar 'yan Indiya da 'yan Filifin masu gyangyaɗi a tsaye, babu wanda za ta ce wa ina kwana. A wani ƙaramin asibitin kuɗi take aiki. Ta yi shara, ta goge ƙasa, ta canja zanen gado, ta wanke bayan gida. Da yamma ta dawo gidan hayar da mu mata muke cunkushe a ciki, ta shige gadonta ta ja labule. Ran Juma'a, da yake ita ce ranar hutu a nan, ta tafi coci can wajen Bur Dubai, ta dawo ta yi wanki. Haka na same ta a 2009, haka kuma take har wannan wata da za ta ajiye aiki.

Gadonmu mai hawa biyu ne, ita a ƙasa ni a sama. A wani ofishin aika kaya nake aiki, ina rubuta sunayen 'yan kasuwar Kano a jikin kwalaye. Waɗanda suka san ni sun san ba ni da saurin yabon mutum, bakina ya fi sabawa da tsiya. Amma wannan baiwar Allah za ta tafi ba tare da an tara mata ko mutum biyar sun tafa ba, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Bari in fara bayyana matsalar da take warwarewa. A gida akwai asusun inshora na gwamnati da ke ɗaukar nauyin haihuwa. Matar da ke aiki a can, wurin aikinta ne ke biya mata, shi ne kuma ke sanarwa in ta samu juna biyu. Wadda ta bar aiki ta fito waje tana iya ci gaba da biya da kanta, don ra'ayin kanta. Matanmu da dama suna yin haka, domin haihuwa a Dubai sai mai hali, mu kuwa gida muke komawa. To amma mai biya da kanta ba ta da ofishin da zai yi magana a madadinta. Ita ce za ta sanar da bakinta tun ciki bai tsufa ba, ta aika da takardar likita. In ta yi shiru har lokaci ya wuce, duk biyan da ta yi ba zai amfane ta a wannan haihuwar ba.

Ina jin wanda ya tsara wannan ƙa'ida bai taɓa zama da Bahaushiya mai cikin fari ba. A ina aka taɓa jin yarinya ta buɗe baki ta ce wa baƙon namiji tana da ciki? Ko uwarta ba ta faɗa wa. A gida ba ta ma bukatar faɗa. Gwaggo ce za ta kalli tafin hannunta da yadda take tofar da yawu, ta je ta raɗa wa uwar, uwar ta aika wa dangin miji, a gama shirya komai ita tana sunkuyar da kai. A Dubai babu gwaggo. Kowa na bayan labulensa da wayarsa, mai ganin naka ma ba ya son shiga.

A shekarata ta biyu a gidan muka ga illar haka. Wata yarinya, Halima Sa'adiya, ta ɓoye nata a cikin abaya har ya tsufa. Asusun ya ce ta makara, jirgi kuma ya ƙi ɗaukarta. A nan ta haihu, ba uwa ba dangi, ba mai dafa mata ruwan wanka, mijinta ya sayar da duk abin da suka zo nema. Mama Sabina ce ta riƙa kai mata kunu a asibiti. Ran da ta dawo daga kai na ƙarshe, na ji ta a ƙarƙashina tana magana ita kaɗai. “A gabana aka yi. Na gani tun da wuri, na ce ba ruwana.” Daga ranar ba ta sake cewa ba ruwanta ba.

Mata da yawa sun bi ta hannunta tun daga lokacin, amma labarin Kamila zan bayar, domin shi na gani daga farko har ƙarshe. Kamila 'yar Gaya ce, ta taɓa koyarwa a wata makarantar kuɗi a Kano, a can ta shiga asusun. A 2013 ta biyo mijinta Ɗalhatu, ta samu aikin ninke yadi a wani shago a Bur Dubai, ba ta kuma fasa biya ba. Sunan aure ne kawai ya haɗa su gari ɗaya. Shi mai gyaran lantarki ne, yana kwana a masaukin leburori a Muhaisna inda mace ba ta shiga, ita tana gidanmu. Ran Juma'a suke haɗuwa a bakin ruwa, su zauna suna kallon jiragen fito, in hali ya yi su kama ɗaki na yini, magariba ta yi kowa ya hau bas ɗinsa.

Da Kamila ta fara gudun ƙanshin albasa, Mama Sabina ta same ta a kicin.

“'Yata, jikin naki lafiya?”

“Zazzaɓi ne, Mama. Sanyin na'urar shago ne ya kama ni.”

“To, Allah ya sauwaƙe. Asusun nan naki fa, kina biya?”

“Ina biya.”

“Kin san masu irin wannan zazzaɓin sai sun sanar da wuri?”

Kamila ta ɗauki kofinta ta fice. Makonni suka shige tana kakkauce wa Mama, lokacin sanarwa kuma yana ƙurewa. Ni da gajen haƙurina na ce a bar ni da ita, in titsiye ta a gaban kowa ta faɗa. Mama ta ce in na yi haka yarinyar za ta tattara kayanta ta bar gidan, mu rasa inda take. Ta fi ni gaskiya, ko da yake ban faɗa mata ba a lokacin.

Juma'ar da ta biyo baya Mama ba ta je coci ba. Ta ce in raka ta Muhaisna, na bi ta ina mita har muka sauka. Wurin duk maza ne, dogayen gine-gine da shanyar kayan aiki a kowace baranda, ga rana kamar ta dafa mutum. Muka tsaya a bakin ƙofa, mai gadi ya aika aka kira Ɗalhatu. Ya fito ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta.

“Ɗalhatu, ka san halin da matarka ke ciki?”

Ya kafa wa silifas ɗinsa ido. “Ta ce mini zazzaɓi take yi, Mama.”

“Kai kuma ka yarda?”

“To, ban dai tambaya ba. Ina kai mata ɗanyen mangwaro duk Juma'a.”

“Ka taɓa ganin zazzaɓin da ke cin ɗanyen mangwaro?”

Na yi dariya har mai gadi ya waiwayo, amma da na dubi fuskar yaron sai dariyar ta tsaya. Ya sani, ita ma ta san ya sani. Suna zama kafaɗa da kafaɗa a bakin ruwa, su biyu rak a garin da ba su da kowa, kuma babu wanda ya iya furta wa ɗan'uwansa abin da ya fi komai girma a rayuwarsu. Tausayinsu ya kama ni ƙwarai. Mama ta ce ya kawo takardar aurensu saboda asibiti, ya fara neman tikitin jirgi. Ya ce to. Har mun juya sai ya biyo mu da sauri.

“Mama, in kin koma ki ce mata na ji.”

“Shi ke nan?”

“Ki ce mata na ji daɗi.”

Washegari Mama ta ce wa Kamila zazzaɓin nan ya daɗe, ta zo asibitinsu a duba ta. Kamila ta bi ta, tun da ba a canja wa abin suna ba. Likita ta faɗi abin da ta gani da Turanci, ta rubuta takarda, Mama ta karɓa ta aika wa ofishin asusun a gida. Saura abu ɗaya, shi ne mai wuyar. Ofishin asusun sai ya ji daga bakin mai biyan.

Da la'asar ɗin wata Talata, lokacin da ofisoshin gida ke buɗe, Mama ta dawo aiki da wuri ta zaunar da Kamila a kicin, ta rufe ƙofa. Ni ina tsaye ina riƙe da wayata.

“Ki saurare ni, 'yata. Ba sai kin faɗi komai ba. A gida ma ai ba ke za ki faɗa ba, manya ke faɗa. Yau ni ce babba. Ni zan yi magana, ke dai kada ki ƙaryata ni.”

Na buga wa ofishin asusun, wani ma'aikaci ya ɗauka, dattijo ne daga jin muryarsa. Mama ta gaishe shi, ta ba shi sunan Kamila da lambarta, ta ce yarinyar nan tana da juna biyu, na fari ne, takardar likita tana wurinsu. Ya ce ya gan ta, amma doka ta ce sai ya ji daga mai asusun. Na miƙa wayar. Kamila ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, alhali mutumin yana wata ƙasa ba ya ganinta.

“Malama Kamila, abin da aka faɗa haka ne?”

Ina jin kuɗin wayata na tafiya. Mama ta ɗora hannu a gwiwar Kamila. Can daga cikin mayafin wata 'yar murya ta fito.

“Haka Mama ta ce.”

Mutumin ya ce, “To, na ji daga bakinki. Allah ya raba lafiya.”

Da aka kashe wayar Kamila ta kifa kai a cinyar Mama ta yi ta kuka, tana cewa uwarta take so ta gani. Mama ta bar ta ta yi mai isarta, sannan ta ce, “Halas, an gama. Yalla, tashi ki ci abinci, ba albasa a ciki.”

Kamila ta tafi gida tun jirgi bai fara tambaya ba. Haihuwar ta zo da gardama, sai da aka yi mata tiyata, ta daɗe a asibiti. Asusun ya ɗauki nauyi. Uwa da ɗa suna nan lafiya a Gaya, an yi mata wankan jego a ɗakin mahaifiyarta yadda ya kamata. Ba ta dawo Dubai ba, yawancinsu ba sa dawowa.

Mama Sabina, ke ce gwaggon marasa gwaggo. Ke Kirista ce daga Zonkwa, yawancin yaran nan Musulmi ne daga Kano da Katsina, amma ba ki taɓa yi wa kunyarsu dariya ba, ba ki kuma bari kunyar ta cuce su ba. Kin ɗauki maganar da ta fi ƙarfin bakinsu kin faɗa musu. Ba aikinki ba ne, ba wanda ya sa ki, ba a taɓa ƙara miki ko dirhami a albashi saboda shi ba. Ke kanki ba ki da mai tambayar lafiyarki a garin nan. Mijinki ya rasu kina nan, 'ya'yanki sun girma a hannun ƙanwarki, in kun yi waya gaisuwa ce ta minti kaɗan. Na sha jin kina juyi a ƙarƙashina, ban san abin da zan ce miki ba.

Makon jiya Mama ta kawo kayanta ofishinmu a aika mata gida. Kwali ɗaya ne. Ina rubuta sunanta a jiki tana nuna mini hotunan jarirai a wayarta, tana kiran sunan uwar kowanne, har da na Kamila da ya fara gudu. Na tambaye ta wanne ne ya fi nauyi a hannu.

“Ina zan sani? Da ciki suke tafiya. Ban taɓa ɗaukar ko ɗaya ba.”

Ta faɗa tana murmushi, ta mayar da wayar jaka, ta ce za ta makara aiki.

Mun gode, Mama. Allah ya saka miki da alheri, ya kai ki gida lafiya, ya ba ki hutawa. Mu da muka rage a gidajen hayar Al Nahda, mu riƙa ɗaga labule muna duba juna, in mun ga abin da yarinya ba za ta iya faɗa ba mu faɗa mata. Ku kuma da kuka sauka lafiya a ɗakunan iyayenku, ke Kamila da sauranku, ƙarshen watan nan Mama za ta iso Zonkwa. Kada ku aika mata hoto, tana da su. Ku shiga mota ku kai mata yaran, ku ɗora mata su a cinya.